Rasuwar Baba Risho, Mai Gadin Lallen Ajara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani ɗaci da ba a saba faɗarsa a gidan makoki ba, Mma Ajara, matar Malam Issifu ta unguwar Hulme a birnin Manchester, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na nan Ingila da na gida Salaga, rasuwar Baba Risho, wato murhun kananzir ɗin da ke ɗumama ɗakin gilashin shukokinta a bayan gida. Ya cika a ƙarshen makon da ya gabata, a bakin aiki, lokacin da masu gidan ke Birmingham. Bai tafi shi kaɗai ba. Ya tafi da bishiyar lallen da aka ba shi amana.

Malam Issifu ya hana a buɗe wannan sanarwa da salati. Ya ce ƙarfe ne da lagwani, kada a ɗauki alhaki a banza, kuma an bi maganarsa. Amma Ajara ta ce sanarwa kam sai an yi, domin akwai mutane da yawa da suka san marigayin da kyakkyawar shaida, ya kamata su ji yadda ya ƙare.

An haifi marigayi a wata masana'anta a Birmingham, kamar yadda tambarin da ke gindinsa ya nuna, a shekarar da tsatsa ta riga ta cinye. Ajara ta ce da ta kifa shi ta duba tun ranar farko da ta yi hattara, don a 'yan kwanakin nan duk abin da ya ɓata mata rai ta wannan gari ya biyo. Ba a san komai game da ƙuruciyarsa ba. A kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi ta same shi, irin wadda Turawa ke buɗe bayan mota su baje tarkacen gidajensu, yana zaune tsakanin wata tsohuwar rediyo da takalman ruwa. Gajere ne, kore, mai faɗin tanki, da bututu biyu a kansa. Tsohon da ya sayar da shi ya ce bai taɓa ba shi kunya ba, Ajara kuma ta yarda, don tsohon yana da fuskar masu gaskiya.

Dole a faɗi abin da ya sa aka ɗauke shi aiki, domin wanda bai sani ba zai yi zaton kukan ƙarfe ake yi. A Salaga, a bayan ɗakin kakar Ajara, akwai wata bishiyar lalle. Duk 'yar gidan da za ta yi aure daga jikinta ake tsinko ganye, a shanya, a daka, a kwaɓa, uwar amarya ta ɗaura wa 'yarta da hannunta. Da shi aka yi wa Mma Suweiba, mahaifiyar Ajara, da shi aka yi wa Ajara. A zuwanta gida na ƙarshe kafin tsohuwar ta rasu, Mma Suweiba ta ƙulle mata 'ya'yan lallen a bakin mayafi, ta ce na Hikma ne, wato jikarta, 'yar Ajara, da aka haifa a Manchester. Bayan rasuwarta magada suka sare bishiyar suka gina shago a wurin. Cikin irin da Ajara ta shuka ɗaya ne tak ya tsiro. Ta ajiye shi a falo ya zubar da ganye saboda duhu, sai ta samo ɗakin gilashi na hannu, ta dasa shi a ƙasa, saiwa ta kama, ya zama ba ya ciruwa. Lalle kuwa ɗan ƙasar zafi ne, sanyin Ingila na dare ɗaya ya isa ya gama da shi. Hikma ta girma, tana aikin haɗa magunguna a Birmingham, tana zaune a Ladywood, an kuma sa bikinta da Sadique da zarar sanyin bana ya wuce. Tun tana 'yar makaranta uwarta ke nuna mata bishiyar tana gaya mata na wane ne, ita kuma kullum amsarta ɗaya ce, to Mma.

Marigayi bai samu wannan aiki a sama ba, manema sun yi yawa. Hikma ta kawo nata ɗan takarar, hita ta lantarki mai fanka, wadda ke kunna kanta idan sanyi ya sauko ta kuma tsaya idan ɗaki ya yi ɗumi. Sai dai babu soket a bayan gida, masu gidan hayar sun ƙi a ja waya ta bango, ya zama sai ta tagar kicin, a bar tagar a buɗe duk lokacin sanyi. Malam Issifu ya ce yana ganin girman bishiyar, amma ba zai daskare dominta ba. Ajara ma ba ta matsa ba, ta ce ita ba ta ba da amana ga abin da ke yanke shawara shi kaɗai. Malam Issifu ya kawo tasa dabarar da ya gani a waya, a kunna kyandir a kife masa tukunyar fulawa ta ƙasa. An gwada, tukunyar ta ji daɗi ƙwarai, ita kaɗai. Maƙwabcinsu Nentawe, mutumin Jos da ke aikin jinya, ya ce a cika jarkoki da ruwa a shafa musu baƙin fenti, su sha rana da yini su saki ɗumi da dare. Shawara ce mai kyau ga garin da ke da rana. Wani Bature mai lambu ya yi tayin kashin doki kyauta, ya ce yana fid da zafi idan yana ruɓewa, Ajara ta yi masa godiya, ta dawo gida ta ce abin da za a sa a hannun amarya ba zai kwana da kashi ba. Tukunyar gas kuwa ko sunanta ba ta so a kira kusa da gilashi.

Ta zaɓi Baba Risho ne saboda wari. Ranar da ta fara kunna shi, warin kananzir ya tashi, ta tsaya da ashana a hannu, don warin madafin Mma Suweiba ne sak. Daga nan maganar ta ƙare. Ta san lagwani, ta san mazurari, ta san yadda ake gane lafiyar wuta daga launinta. Ta ce wannan ɗan gida ne, duk da cewa ba wanda ya tambaye shi.

Gaskiya ko ta maƙiyi ce a faɗe ta, balle wanda aka zauna da shi shekara shida. Marigayi mai haƙuri ne, mai ƙanƙan da kai, ba ya neman a gan shi. Ba shi da yawan magana. Idan aka kai masa ashana sai ya ce "fuf", sau ɗaya, ya kama aiki. Idan jikinsa ya fara ɗumi sai a ji "tik, tik, tik", a hankali. Idan ana zuba masa kananzir yakan ce "gulum, gulum", wanda Ajara ta ɗauka godiya ce. Wutarsa shuɗiya ce, ba ta rawa. Bai san yankewar lantarki ba, bai taɓa neman hutu ba, kuma a lokutan sanyi biyar da suka wuce ko ganye ɗaya bai bari ya faɗi da sunansa ba. A ƙarƙashin kulawarsa lallen ya tashi daga tsawon cokali ya kai ƙirjin mutum, har ya yi fure sau biyu, ƙanshin ya cika ɗakin, Ajara ta zauna a kan bokiti ta yi kukanta ta share.

Ita ma ba ta rage shi da komai ba. Tana saukowa daga bas ɗin Oxford Road, bayan ta gama goge-gogen asibiti, bayan gida take fara zagayawa ta gaishe shi kafin ta gaida mijinta, kuma Malam Issifu ya daina ƙorafi tun shekara ta biyu. Duk Juma'a tana datse masa lagwani da almakashin da ko gashin kanta ba ta yarda a taɓa da shi ba. Kananzir mai kyau take ba shi, wanda Malam Issifu ke ɗaukowa a jarka daga shagon kayan gini, yana tafe yana canja hannu. Marigayi yana da nasa halin, ba a ɓoye ba. Yana sa gilashi gumi, kuma warinsa na bin mayafi har wurin aiki, har wata abokiyar aikinta ta taɓa tambayarta ko mijinta makanike ne. Duk ta shanye.

Rashin lafiyarsa ta fara ne a farkon sanyin bana. Wutar ta soma ɗaukar ruwan ɗorawa a gefe ɗaya, wani lokaci ya ce "fat, fat" kamar mai tari. Ajara ta canja masa lagwani, ta wanke masa tanki, ya murmure har ya fi da. Babu wanda ya kawo komai a ransa.

Sai ga tafiyar Birmingham ta taso, za a je a ga hol ɗin biki a kuma zaɓi anko tare da dangin ango, kwana biyu. Masu hasashen yanayi suka ce sanyin da za a yi a ƙarshen makon ba a ga irinsa ba a bana. Ajara ta yi abin da duk uwa ke yi idan sanyi zai shiga ɗakin ɗanta. Ita da Malam Issifu suka samo ledar nan mai ƙuraje da ake naɗe kayan fashewa, suka lulluɓe gilashin daga ciki tun daga ƙasa har rufi. 'Yar tagar sama da ta saba zama a ɗan buɗe, wadda Ajara ta daɗe tana zargi da sakaci, suka ja ta suka manne da salatif. Duk wata kafa da iska ke bi suka toshe, ƙarƙashin ƙofa kuma ta cusa tsohon zaninta. Ta cika masa tanki har baki, abin da zai kai shi kwana huɗu ba biyu ba. Ta kunna shi, ya ce "fuf". Ta ce masa amana, ta ja ƙofa.

A Ladywood an karɓe su hannu bibbiyu. Hajiya Zubaida, uwar ango, ta yi tuwo da miyar ayoyo, aka ci aka yi hira. Nan Ajara ta ciro waya ta shiga nuna wa mata hotunan bishiyar, daga tana tsiro har ta yi fure. Ta ba su labarin Salaga, da kakarta, da bakin mayafi. Ta ce duk Ingila ba amaryar da za ta sa lallen da aka shuka dominta sai Hikma. Matan suka yi ta cewa ma sha Allah. Hajiya Zubaida ta miƙe ta ce bari ta duba shayi, Hikma ta duƙufa a kan kwanonta, Malam Issifu kuma ya ga lokacin alwala ya yi. Ajara ba ta ga komai a ciki ba, ta ɗauka kunya ce irin ta amare.

Sun dawo ranar Lahadi da la'asar. Ko jaka ba ta ajiye ba ta zagaya baya, tun daga nesa ta ga ɗakin gilashin ya yi baƙi daga ciki. Ta janye zanin, ta tura ƙofa. Babu "tik", babu ɗumi, sai ɗan banzan sanyi da warin hayaƙi. Marigayi na zaune inda ta bar shi, jikinsa ƙanƙara, tankinsa da sauran kananzir fiye da rabi. Kafin ya mutu ya yi aman baƙin hayaƙi ya shafe komai, leda da tukwane da ganye. Bayan hayaƙin, sanyi ya shigo ya yi dare biyu yana abin da ya ga dama. Ganyen lallen ya yi baƙi ya langaɓe, ta taɓa reshe ɗaya ya zube a tafinta. Ta kankare ɓawon gindin da farce tana neman kore, ta sauka har ƙasa ba ta samu ba.

Nentawe, da yake ma'aikacin jinya ne, shi aka kira ya duba gawar. Ya dubi tagar da aka manne, ya dubi zanin, ya cire hularsa. Ya ce wuta ma numfashi take yi, marigayi ya cinye iskar ɗakin ne ya nemi ƙari ya rasa, shaƙewa ce ta kashe shi. Ya faɗa da ladabi, yana kallon ƙasa. Ajara ta saurare shi har ƙarshe, ta gode masa, ta kuma ƙi yarda. Ta ce ita rufe shi ta yi don kada ya ji sanyi. Ta ce wanda ya sha kananzir ɗinta shekara shida, aka yi masa aski duk Juma'a, ya kamata ya iya riƙe numfashinsa kwana biyu. Ta ce in ma mutuwar zai yi, me ya sa bai mutu a watan da ba a bukatarsa ba, me ya sa sai da biki ya rage 'yan makonni. Ta ce cin amana ne, kuma haka take so a rubuta a sanarwa, an rubuta.

Daga nan sai ta kira Hikma, don ita ce mai lallen, ita ya kamata a fara yi wa ta'aziyya. Ta shirya yadda za ta lallashe ta. Hikma ta ji uwarta na kuka, hankalinta ya tashi, ta yi sauri ta kawo abin da take gani zai kwantar mata da rai.

"Mma, don't cry, please. Ba abin da ya ɓaci. Ai tun October na yi booking ɗin mai henna, wadda Hajiya ta sani. Na gida ba ya fita a hoto, Mma, ja ne kawai, babu design. I was going to tell you."

Ajara ta tambaye ta wa da wa suka sani.

"Hajiya da su Anti. Da Baba. Shi ya ce a bari sai an gama maganar hol."

Ajara ta ce to, Allah ya yi albarka, ta kashe wayar. Ta juya ta dubi Malam Issifu, wanda ke tsaye a ƙofar kicin riƙe da jakunkunan tafiya. Mutumin nan tun Oktoba yake ɗauko jarka daga shagon kayan gini yana canja hannu, ya riƙe mata tsani ta manne taga, ya zauna a Ladywood tana nuna hotuna. Ya buɗe baki ya ce shi gani ya yi tana jin daɗin abin. Ta wuce shi ta shiga ciki, kuma har zuwa rubuta wannan sanarwa ba ta kula shi, tana dai zuba masa abinci a kan lokaci.

Tun daga ranar ba ta ƙara ambaton Hikma a maganar ba, ko Hajiya Zubaida, ko mijinta. Baba Risho kaɗai take zagi, safe da yamma, kuma ta ce ko ba komai shi da ya gaza bai ɓoye ba, ya baƙanta gilashi kowa ya gani.

Marigayi ya rasu ya bar mazurari ɗaya, da jarkar kananzir da ba a san yadda za a yi da ita ba, da sabon lagwani a cikin ledarsa wanda bai taɓa sanin uban gidansa ba, da kwalin ashana, da almakashi. Ya bar na'ana'a a tukunya, wadda ta sha hayaƙin ta sha sanyin ta kuma wayi gari kore shar, don ita ba ta da kunya. Ya bar ma'aunin zafi da ke rataye a jikin ƙofa, wanda komai a gabansa aka yi, ya ga sanyi na sauka ya rubuta ya yi shiru. Ajara ta ce a sa sunan Malam Issifu nan kusa da shi.

Za a yi wa marigayi wanka ranar Juma'a, wato a tsiyaye sauran kananzir ɗin da ke cikinsa, domin wurin zubar da tarkace na ƙaramar hukuma ba sa karɓar gawa da mai a ciki. Ba za a yi masa likkafani ba, tsohon zanin da aka toshe ƙofa da shi ya wadatar. Za a ɗauke shi ranar Asabar bayan azahar a bayan motar Nentawe, a sa shi a kwandon ƙarafa, ba salla ba addu'a, bisa umarnin Malam Issifu, wanda a wannan karon an yarda yana da gaskiya. Ita bishiyar ba za a tone ta ba, za a bar kututturen inda yake.

Za a karɓi gaisuwa a kicin. Ana roƙon masu zuwa kada wanda ya kawo hoton hita ta lantarki, kada kuma wanda ya ce ai shuka ce kawai. Hikma ta aiko saƙo cewa za ta hau jirgin ƙasa ta zo, Ajara ta ce hanya ta Allah ce.

Masu gaisuwa za su ga tafin hannunta na hagu ja wur, kada su tambaya. Ganyen da ya zube ne ta tsince ɗaya bayan ɗaya, ta wanke hayaƙin, ta shanya a kan hitar falo, ta daka a ƙaramin turmi. Garin bai cika murfin kwalba ba. Ta raba biyu, ta kwaɓa rabi ta ɗaura wa kanta don ta ga ko ya mutu da ƙarfinsa, ya kuwa kama kamar na Salaga. Sauran rabin yana cikin gwangwanin man shafawa a saman firij. Ajara ta ce ba don kowa ta ajiye ba, kuma kada wanda ya kai labari Birmingham. Ta dai auna, zai ishi tafi ɗaya in hannun ƙarami ne.